AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Sayen Tsohon Jirgin Ruwa Mai Filafilai Don Ƙetare Teku

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan asalin Zariya, wanda ya daɗe yana aiki a jiragen dakon kaya, yanzu kuma yana zaune a birnin Southampton na ƙasar Ingila. Bayan gaisuwa ya ce: "Na ga an sa wani tsohon jirgi mai filafilai a kasuwa, tsawonsa ƙafa 32, ƙirar 1974, kuma da araha ƙwarai. Ni da wani abokina muna so mu zuba kuɗin sallamarmu mu saye shi, mu ƙetare tekun Atlantika da shi. Shin jirgi mai waɗannan shekaru zai iya wannan tafiya? Me ya kamata mu duba kafin mu biya?"

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah ya bar zumunci. Amsar tambayarka ta farko ita ce i, zai iya, in dai ƙirarsa ta teku ce kuma an kula da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma su ne kuma suka ce araha ba ta ado. Duka biyun sun shafi wannan ciniki naku.

Bari mu fara da dalilin da ya sa masu tafiyar teku ke son tsofaffin jirage. Tun daga wajen 1960 aka koma ƙera yawancin ƙananan jirage da faiba, wato zaren gilas da aka haɗa da wani irin danko, maimakon katako. Maƙeran wancan zamani sukan zuba faibar da kauri. Ban da haka, da yawa daga cikin jiragen suna da dogon ƙashin baya a ƙarƙashi, wanda ake ce wa kil, mai ɗauke da nauyin dalma ko ƙarfe. Wannan nauyi shi ke tayar da jirgi tsaye in iska ta kwantar da shi. Irin wannan jirgi ba shi da gudu, cikinsa matsattse ne, kuma yana da wuyar ja da baya a tasha, amma a kan igiyar ruwa ba ya yawan tsalle.

Tarihi ya ba da shaida. Baturen Ingilan nan Robin Knox-Johnston ya tashi daga Falmouth ran 14 ga Yuni 1968 cikin jirgin katako mai ƙafa 32 da aka ƙera a Indiya, mai suna Suhaili, ya kewaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, ya komo ran 22 ga Afrilu 1969, bayan kwana 312. Su tara suka shiga wannan gasa, shi kaɗai ya gama. Haka kuma a tseren Fastnet na 1979, inda guguwa ta afka wa jirage 303 har matuƙa 15 suka rasu, wani ƙaramin jirgi ƙirar Contessa 32 mai suna Assent shi kaɗai ya kai ƙarshe a rukuninsa. A 2023 ma, wata 'yar Afirka ta Kudu, Kirsten Neuschäfer, ta ci gasar kewaya duniya ta Golden Globe, wadda ba a shiga sai da jirgi mai tsohuwar ƙira.

Sai dai kada ka ɗauki wannan rabi ka bar ɗayan. A wannan gasa dai, cikin Nuwamba 2022, jirgin wani ɗan ƙasar Finland, Tapio Lehtinen, ya nutse a tekun Indiya cikin 'yan mintoci, alhali an yi masa gyara mai yawa kafin tafiyar. Mutumin ya kwana cikin kwalekwalen ceto, kuma ita Kirsten ɗin ce ta je ta tsamo shi. Ka ga ke nan sunan ƙira kaɗai ba ya isa. Abin dubawa shi ne halin da wannan jirgin da ke gabanka yake ciki yau.

Saboda haka shawararmu ta farko: kada ku yi cinikin biri a sama. Ku ɗauki safiyon jirage mai zaman kansa, wanda ku za ku biya, ba wanda dillali ko mai jirgin ya kawo ba. A sa injin ɗaga kaya ya fitar da jirgin daga ruwa, a duba shi ciki da waje. A al'adar cinikin can, mai saye yakan ba da kafin alƙalami, galibi kashi goma cikin ɗari, bisa sharaɗin in binciken safiyo ya tono babban aibi za a mayar masa da kuɗinsa ko a rage farashi. Ku tabbata an rubuta wannan sharaɗi a takarda.

To, me za a duba? Na farko, jikin jirgin. Tsohuwar faiba kan sha ruwa a hankali, sai ta yi ƙuraje kamar borin jini, in an fasa su ruwa mai warin tsami ya fito. 'Yan ƙananan ƙuraje ba sa nutsar da jirgi, amma in sun yi zurfi, sai an kankare jikin, an bar shi ya bushe wata da watanni, an sake shafe shi, wannan kuwa kuɗi ne mai yawa. In jirgin katako ne, a nemi ruɓa da ɓarnar tsutsar teku, wadda ke cin katako ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. In na ƙarfe ne, tsatsa daga ciki take somawa, a lungunan da ruwa ke kwanciya.

Na biyu, daɓen saman jirgin. Yawanci faiba biyu ce aka sa wani katako marar nauyi a tsakaninsu. Duk inda aka huda aka ɗaura ƙusa, ruwa na iya shiga ya ruɓar da katakon. Ka taka ko'ina da ƙafarka, in ka ji wuri yana lotsawa, akwai magana. Shi safiyo zai bi shi da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya ƙararsa garau take, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum.

Na uku, kil da abin juya akalar jirgi. A wasu jirage an rufe nauyin a cikin jikin jirgin tun wurin ƙira, a wasu kuwa da manyan ƙusoshi aka ɗaure shi. In irin na biyun ne, a duba ƙusoshin, a kuma tambayi mai shi ko jirgin ya taɓa dukan dutse ko yashi. A watan Mayu 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya kife a tsakiyar Atlantika saboda kil ɗinsa ya ɓalle, mutum huɗu da ke ciki duk suka salwanta.

Na huɗu, jigon da ake ɗaura filafilai da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da shi. Waɗannan wayoyi suna iya yin sheƙi a ido alhali sun gaji. Kamfanonin inshora da yawa sukan nemi a sake su in sun kai shekara goma. Muhimmi kuma, a zaro ƙarafan da aka ɗaure wayoyin da su a jikin jirgi a gani, domin daidai inda suka ratsa daɓe, inda ido ba ya kaiwa, nan suke cinyewa. In guda ya tsinke cikin iska, jigon na iya faɗuwa gaba ɗaya.

Na biyar, ramukan da ke ƙarƙashin jirgi, inda ruwan sanyaya inji da na bayan gida ke shiga da fita. Kowane rami yana da makulli irin na famfo. A murɗa kowanne a ga yana buɗewa yana rufewa, a kuma duba tiyo ɗin da ke jikinsa. Na shida, inji. Kai da ka yi aikin jirgi ba sai an gaya maka ba: a tayar da shi da sanyinsa, a dubi hayaƙi, a dubi baƙin mai ko ya gauraya da ruwa, sannan a bincika ko har yanzu ana samun kayan gyaransa. Filafilan ma a shimfiɗa su a gani, don rana tana cinye ƙyallen da zaren ɗinkin.

Sai batun takardu. Ku nemi takardar rajista, da takardun cinikin da suka nuna yadda jirgin ya zo hannun mai shi, da shaidar biyan haraji. Ku kuma tabbatar babu bashin banki a kansa, domin irin wannan bashi jirgin yake bi, ko a hannun wa yake.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar kuɗin sallamarku. Kada ku zuba su duka a saye. Joshua Slocum, mutumin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, kyauta aka ba shi tsohon jirginsa Spray, amma sai da ya yi wata goma sha uku yana sake gina shi, ya kashe dala 553 da 'yan kai, kuɗi masu kauri a wancan zamani. Ku jera abin da safiyo ya ce a gyara, ku nemi farashin kowanne, ku ƙara kwalekwalen ceto, da rediyo, da na'urar da ke aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan Adam, da inshora, da kuɗin ajiye jirgi a tasha. In jimlar ta fi ƙarfin aljihunku, ku haƙura da wannan jirgi, wani na nan tafe.

Game da tafiyar kanta, hanyar da aka saba bi ita ce daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan. Tun 1986 ake yin ayarin ƙananan jirage da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas cikin Nuwamba, lokacin da damunar manyan guguwa ke ƙarewa. Zuwa tsibirin Saint Lucia mil 2,700 ne na teku, wato kimanin kilomita 5,000, ƙaramin jirgi kuma yakan yi mako uku ko fiye. Yi lissafi: mutum biyu, lita huɗu kowanne a yini, kwana talatin, lita 240 ke nan ta ruwan sha. A duba ko tankin jirgin zai ɗauka.

Daga ƙarshe, Malam, sanin teku daga kan babban jirgi daban yake da sarrafa filafili da hannu cikin dare. Ku nemi horo a makarantun da ke ƙarƙashin ƙungiyar RYA, waɗanda ke da yawa a nan yankin da kake zaune, ku kuma yi shekara guda kuna gajerun tafiye-tafiye kusa da gaɓa, don jirgin ya nuna muku halinsa tun taimako yana kusa.

Da fatan ka gamsu. Allah ya sa ku saya a sa'a, ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya. Sauran masu sauraro kuma, a ci gaba da aiko da takardu, sai mun sake saduwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.