Gasasshen Kifi Da Mangwaro: Aikin Da Tsami Ke Yi

Daga watan Maris zuwa Mayu, duk inda ka duba tire ne cike da mangwaro, wani ma a gindin bishiya yake ruɓewa. Mu da muke girka wa kanmu abinci a jami'a muna da wata hanyar cin sa da ba a saba da ita a gida ba: a yanka shi ƙanana a ci da gasasshen kifi. Kada ku yatsina fuska tukuna. A ƙasar Meziko akwai wani mahaɗi da ake kira salsa, na tumatir da albasa da barkono da lemon tsami, wanda sau da yawa ba a ɗora shi a wuta. Masu girki kan ƙara masa mangwaro ko abarba idan da kifi za a ci.

Abin da ya haɗa kifi da wannan mahaɗi shi ne tsami. Wanda ya saba cin tarwada ya san ɗanɗanon laka da take zuwa da shi wani lokaci. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin, wanda ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, kifin kuma ya tara a jikinsa. Shi ne dai ke ba da ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka. A hanci daɗi, a baki kuwa a'a. Asid yana rusa shi, kuma iyayenmu mata suna wanke kifi da lemon tsami tun kafin mu ji kalmar asid a ajin kimiyya.

Sai dai kifi ba naman sa ba ne. Tsokarsa laushi gare ta, asid kuma yana sauya furotin ɗinta kusan yadda wuta ke yi. A ƙasar Peru da ruwan lemon tsami ake "dafa" ɗanyen kifi, abincin da suke kira sebice, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2023. Don haka wanda ya jiƙa kifinsa cikin lemo tun safe har la'asar, ya ɓata shi kafin ya ga garwashi: zai dagargaje a kan waya ko ya bushe ƙamas, ga kifi da tsada. Minti 30 ya isa. Abarba da gwanda kuwa kada su shiga jiƙon, domin suna da sinadaran da ke narkar da nama.

Ga karfasa biyu matsakaita, a tsaga kowace sau uku a kowane gefe. A daka citta da tafarnuwa da attaruhu, a sa gishiri, man gyaɗa cokali 2 da ruwan lemon tsami guda, a cusa har cikin tsagar. A jira gawayi ya daina ci da harshe, ya yi farar toka. A shafa wa waya mai, a juya kifin sau ɗaya kawai; yawan juyi ke saɓule fata. Ya gasu idan tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi.

Mahaɗin ba ya ɗaukar lokaci: mangwaro marar zare wanda bai nuna tuɓus ba, albasa, tumatir, attaruhu kaɗan, gishiri da lemon tsami. Amma tunda ɗanye za a ci shi, wuƙar da ta taɓa ɗanyen kifi kada ta taɓa mangwaron sai an wanke ta da sabulu, haka ma hannu. Ragowar ruwan jiƙon kuma a zubar. Ciwon ciki a makon jarrabawa ba abin wasa ba ne.

Saura abin sha. Littattafan girkin Turawa kan ce a ci kifi da farar giyar inabi. Giya ba tamu ba ce, kuma abin da suke nema a cikinta ɗan tsamin nan ne da ke wanke maiƙo daga baki. Zoɓo mai sanyi da aka rage wa sukari yana yin wannan aiki, haka ruwan tsamiya da 'yar citta. Kunun aya, duk da muna son sa, ya yi wa kifi nauyi. Lemon kwalba kuma zaƙinsa danne mangwaron yake yi, sai ka ji kamar albasa kaɗai kake ci.