Me ya sa wayar sola ke ɗaukar zafi? Lissafin bolt, ampiya, om da wat

Yau lissafi za mu yi, amma kada kowa ya gudu, ninkawa ce da rabawa kawai.

Abin da ya ja ni ga maganar nan, wani abokina ne a Dabawa, nan ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Ya ci bashi ya haɗa sola a shagonsa na cajin waya, ya ƙara da ɗan firiza na ruwan sanyi. Ba a yi wata guda ba inbata ta fara kuka, wayar da ta taso daga batir tana ƙauri, robarta ta yi laushi. Wanda ya haɗa masa ya ce ai batirin ne jabu, a sayo sabo. Da muka zauna da biro da takarda, sai ga shi batir lafiyarsa ƙalau. Wayar ce ta yi siriri.

To bari mu fara daga tushe. Ku ɗauki mai noman rani a bakin madatsar Zobe da injin ban-ruwa da tiyo. Ƙarfin da injin ke tura ruwan da shi, a lantarki shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne ampiya. Matsewar tiyon, wadda ke hana ruwa gudu, ita ce turjiya, ana auna ta da om. Sunan wani malami ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idar a 1827. Aikin da wutar ke yi kuma, zafi ne ko haske ko juya fanka, da wat ake auna shi.

Ƙa'idar biyu ce. Raba bolt da ampiya, ka samu om. Ninka bolt da ampiya, ka samu wat. Shi ke nan.

Mu gwada da dutsen guga. Juya shi, za ka ga an rubuta, misali, wat 1000. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Raba 1000 da 230, ampiya 4.3 ke nan da ɗan ɗoriya. Raba 230 da wannan, turjiyar dutsen ta kama kusan om 53. Yanzu a ce wuta ta zo da rauni, bolt 180. Turjiyar tana nan yadda take, don haka 180 a raba da 53, ampiya 3.4. Ninka da 180, wat 612. Kun ga wutar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma zafin dutsen ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar. Shi ya sa za ka yi ta gurza shadda ta ƙi kwanciya. Firiji da famfon rijiya kuwa halinsu daban, don mota ce a cikinsu: in bolt ya faɗi sai ta ƙara jan ampiya, ta yi zafi, ta ƙone. In ka ga ƙwai ya yi ja-ja, cire firijin kawai.

Mu koma shagon. Kayansa gaba ɗaya wat 600 suke ci. A ɓangaren bolt 230, ampiya 2.6 ne kacal, kowace wayar gida za ta ɗauka. Amma batirinsa bolt 12 ne. Raba 600 da 12: ampiya 50! Kuma ban ma sa asarar da inbata ke yi ba. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna ganin tunda bolt 12 ba ta jan mutum, ko wace waya ma ta isa. Wallahi ba haka ba ne, ampiya ce ke dafa waya.

Wayar da aka sa masa mai milimita 2.5 ce, irin ta soket, wadda iyakarta ampiya ashirin da 'yan kai. Zuwa da dawowa mita 4. Tagulla mai wannan kauri da tsawo turjiyarta kusan om 0.03 ce. Kamar ba komai, ko? Juya ƙa'idar Ohm: ampiya 50 sau 0.03, bolt 1.5 ta salwanta a hanya. Batir na ba da 12, inbata na ganin 10.5, daidai inda yawancinsu ke fara kuka su ɗauke. Sannan 1.5 sau 50, wat 75 ke zama zafi a cikin wayar kanta, fiye da tsohon ƙwan nan mai wat 60 da ba a iya taɓawa da hannu. A shagon katako, kusa da kwali da leda, ga hunturu na tafe. Ku ƙiyasta.

Ya sayi waya mai milimita 16. Turjiya ta sauko ƙasa da om 0.005, asarar ta koma kusan wat 12, kukan ya tsaya. Kuɗin bai kai ko kusa da na sabon batir ba. Da tun farko ya yi tsarin bolt 24, ampiyar za ta dawo 25, zafin wayar kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, saboda in ka raba ampiya biyu, zafi sau huɗu yake raguwa. Wannan ne ma dalilin da ya sa manyan layukan wuta na ƙasa ke tafiya da bolt 132,000 ko 330,000.

Ni abin da ke damuna, muna da jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibai na haddace wannan don jarrabawa, amma a kasuwa sai a miƙa wa mai haɗi kuɗi ba tambaya ko ɗaya. Tambaye shi mana: Malam, ampiya nawa za ta bi ta wayar nan? In ya tsaya inda-inda, ɗauko biro ku lissafa tare.

Gargaɗi ɗaya ga masu ƙaramar mitar gwaji: kada ka auna om a wayar da ke da wuta. Kashe, cire ta daga batir, sannan ka ɗora.