Ciwon Kunnen Kare: Abin da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Yi

Yau za mu yi magana a kan wani abu da yake faruwa a gidajenmu da yawa, ko da yake ba safai ake ta da zancensa ba, wato ciwon kunnen kare. A nan Kongo da sauran unguwannin Tudun Wada, gidaje da dama suna da kare domin gadi. Kare kuwa da kunnensa yake gadi. Tun mai gida bai farka ba, shi ya riga ya ji sawun baƙo a bayan katanga. In kunnen ya lalace, gadin ya lalace ke nan. To, mutumin da kuɗin abinci da na makarantar yara suka sha masa kai, yaya zai yi da karen da yake ta kaɗa kai dare da rana?

Ga amsar a taƙaice: kada ka fara da sayen magani, ka fara da sanin abin da ya kawo ciwon. Gama kuɗin da suka fi zafi su ne waɗanda aka kashe a kan maganin da ba shi ne na ciwon ba.

Yadda kunnen kare yake

Ramin kunnen mutum kusan a miƙe yake. Na kare ba haka yake ba. Yakan gangara ƙasa tukuna, sa'an nan ya karya kwana ya nufi ciki, inda dodon kunne yake. Saboda wannan lanƙwasa, ruwa da dauɗa in sun shiga ba sa fita da sauƙi. Wurin yana da ɗumi da laima, irin wurin da ƙwayoyin cuta suke so. Shi ya sa matsalar takan yi yawa da damina, musamman wajen watan Agusta sa'ad da ruwa ya kankama a Zariya, ga kuma karnukan da suke shiga rafin Kubanni da kududdufai.

Alamun ciwon ba boyayyu ba ne. Kare zai riƙa kaɗa kai, yana susar kunne da ƙafar baya, yana goga shi a ƙasa ko a jikin bango. Cikin kunnen zai yi ja, ya yi wari, ya kuma fitar da dauɗa ko mugunya. In ka taɓa wurin sai ya yi ƙara.

Alama ɗaya, sanadi dabam dabam

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bari mu duba abubuwan da suke tsaga bangon.

Na fari, akwai waɗansu ƙananan ƙwari, dangin kaska, waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu. Sun fi kama 'yan kwikwiyo da kyanwoyi. Sukan bar baƙar dauɗa busasshiya, kamar garin gawayi. Daga ƙwai zuwa babba sukan ɗauki wajen mako 3, suna kuma ƙaura daga dabba zuwa dabba.

Na biyu, akwai wani irin yisti da yake zaune a fatar kare kullum ba tare da lahani ba, amma in laima ta yi yawa sai ya hayayyafa. Dauɗarsa mai maiƙo ce, ruwan ƙasa, mai tsamin wari.

Na uku, akwai ƙwayoyin cuta masu kawo mugunya, rawaya ko koriya, da zafi mai tsanani.

Na huɗu, wani lokaci ba cuta ba ce sam. Ƙarangiya ce ko tsinken ciyawa ya shige, ko kuwa kaska ta maƙale a ciki. Irin wannan yakan fara farat ɗaya, a kunne ɗaya, bayan kare ya dawo daga jeji ko gona.

Akwai kuma cizon ƙuda a bakin fatar kunne, wanda duk mai kare a ƙasar nan ya san shi. Wannan gyambo ne na waje, ba ciwon cikin kunne ba.

Ka gani, ɗan'uwa? Maganin da yake kashe ƙwari ba ya kashe yisti. Maganin mugunya ba ya cire ƙarangiya. Wanda ya shiga kantin magani ya ce a ba shi na ciwon kunne kawai, caca ya yi da kuɗinsa.

Inda ya kamata kuɗin fari su tafi

Mu mutanen Zariya muna da gata a wannan fanni. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, wadda kuma harabarta ta Kongo take maƙwabtaka da mu, tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi a babbar harabarta ta Samaru. Ban da wannan akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da na masu zaman kansu.

Abin da likita zai yi ba mai tsawo ba ne. Zai leƙa kunnen da 'yar fitilarsa ya ga ko akwai abin da ya maƙale, ya kuma ga ko dodon kunne yana nan lafiya. Sa'an nan ya ɗebi 'yar dauɗa ya shafa a gilashi, ya duba ta da madubin da yake ƙara girman abubuwa. Cikin ɗan lokaci zai san ko ƙwari ne, ko yisti, ko ƙwayoyin mugunya.

Duba dodon kunnen nan shi ne mafi muhimmanci. Yawancin magungunan ɗigawa suna ɗauke da sinadarai irin su gentamicin da neomycin. Suna aiki ƙwarai, amma in dodon kunne ya riga ya fashe, za su iya ratsawa ciki su kurmantar da karen. Ba mai iya ganin wannan da ido daga waje.

Kada ka ji kunyar faɗa wa likita iyakar ƙarfinka. Tun farko ka ce, ga abin da ke hannuna, me ya fi zama dole? Ka tambaye shi ko akwai magani mai sauƙin kuɗi da yake aiki iri ɗaya. Ka roƙe shi ya nuna maka yadda ake ɗigawa, domin ka ci gaba a gida, kada ka riƙa biyan kuɗin Keke Napep zuwa Samaru kowace rana. In maƙwabcinka ma yana da dabbar da za a duba, ku haɗa kuɗin mota.

Abin da za ka iya yi a gida

Da fari ka sa wa karen takunkumi da tsumma mai laushi, wani kuma ya riƙe shi. Ko karen da ya fi kowane ladabi yakan yi cizo in zafi ya ishe shi. Kada a ba yara wannan aiki.

Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tsororo, ka bari ya huce. Ka jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta, ka matse, ka goge fatar kunnen da bakin ramin, iyakar inda yatsanka yake kai. Kada ka cusa tsinken auduga ko gashin kaza, gama za ka tura dauɗar can cikin kwana ne kawai. Bayan haka ka tsane wurin sosai.

In likita ya ba da magani, ka ɗaga fatar kunnen sama, ka ɗiga yawan da ya faɗa, ka murza gindin kunnen a hankali na wajen rabin minti, sa'an nan ka bar karen ya kaɗa kai. Ka cika kwanakin da aka ce. Da yawa sukan daina bayan kwana uku don sun ga sauƙi, ciwon kuwa ya dawo da ƙarfi, a sake sayen magani. In ƙwari ne, a yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gidan magani tare.

Game da cizon ƙuda, ka wanke gyambon da ruwan gishirin nan, ka shafa man Vaseline da kauri, ka sa karen a inuwa da rana, ka kuma kwashe kashin dabbobi da ruɓaɓɓiyar shara daga tsakar gida, gama nan ne ƙudajen suke haihuwa. Yanke kunne ba magani ba ne, ƙarin gyambo ne.

Abin da ba za a sa ba

Kada ka zuba kananzir, ko baƙin mai, ko barasa, ko maganin feshin gona a kunnen kare. Suna ƙone fata, waɗansunsu kuma guba ne ga karen da wanda ya shafa. Kada ka ba shi ibuprofen ko diclofenac ɗinka, gama suna lalata cikin kare da ƙodarsa. Akwai kuma ivermectin. Magani ne mai daraja, shi ne cikin Mectizan da ake rabawa a ƙauyukan bakin rafi domin hana makanta, waɗanda suka gano shi ma, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Likitoci sukan yi amfani da shi a kan ƙwarin kunne. Amma da nauyin dabba ake auna shi, wanda ake sayarwa domin shanu kuwa in aka zarce yakan kashe kwikwiyo. Ka bar awon a hannun likita.

Sa'ad da jira ya zama haɗari

In fatar kunnen ta kumbura kamar jaka, jini ne ya taru saboda yawan kaɗa kai. Kada ka huda. In jini ko mugunya suna zuba, in karen ya karkatar da kai gefe ɗaya, yana tangaɗi ko zagaye wuri ɗaya, ciwon ya shige ciki, a kai shi ran nan.

Ga kuma gargaɗin da ya shafi ran mutum. In halin karen ya sāke farat ɗaya, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, yana kai cizo ba dalili, kada ka ce kunne ne. Mai yiwuwa ciwon haukan kare ne. Kada kowa ya taɓa shi, a kulle shi a kira likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti nan da nan. Saboda haka, ran da ka kai karen domin kunne, ka nemi a yi masa allurar rigakafin hauka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin wannan allura a ƙasarmu. Ranar 28 ga Satumba kuma, wadda aka keɓe domin yaƙi da cutar, sau da yawa akan yi allurar kyauta. Ka kasa kunne.

'Yan'uwa, dabbar da take ƙarƙashin rufinka amana ce, ba ta kuwa da bakin faɗar inda yake mata ciwo. Ka ɗaga kunnen karenka sau ɗaya a mako, ka leƙa, ka sunsuna, ka cire kaska, ka tsane shi in ya jiƙe. Wannan ba ya cin ko kwabo. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tausayi, da hikimar riƙon ɗan abin da yake hannunmu.