Tsohuwar lifta: a ci gaba da faci ko a sabunta?

A Tudun Wada bene biyu ko uku ne iyakar tsayin yawancin gidaje, amma mutanen unguwar kullum suna cikin dogayen benayen Kaduna. Ma'aikaci, ɗan fansho da mai neman sa hannu a takarda duk suna bin titin Ahmadu Bello Way, inda irin su Gidan Ahmed Talib na kamfanin NNDC suke. Idan lifta ta tsaya a dogon bene, gwiwar dattijo ce ke biyan kuɗin.

Injiniyoyi kan ƙiyasta wa lifta shekara 20 zuwa 25 kafin ta bukaci babban sabuntawa. Da yawa daga manyan gine-ginen garin nan an yi su ne zamanin kuɗin mai, lokacin da aka gina otal ɗin Durbar domin bikin FESTAC na 1977. Liftar da aka kafa a wancan zamani ta haura shekara 45 yanzu, kusan ninki biyu na wa'adinta. Na'urar da ke sarrafa ta tsohon yayi ce, kayanta sun yi wuyar samu, sai dai makaniki ya ciro na wata matacciya ya ɗora.

Kusan duk kayan lifta, ko Otis ce ko Schindler ko Kone, daga waje ake shigo da su, da dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta wuce 1,500. A ɗauka, don misali, wani allon lantarki na dala 2,000 ne. Da can naira 920,000 ke nan, a farashin 2024 kuwa miliyan 3. Mai ginin da ke sayen irinsa sau biyu a shekara, cikin shekara 5 ya kashe miliyan 30, kuma liftarsa tana nan tsohuwa. Wannan lissafin ne ba a cika yi ba, domin kuɗin faci kaɗan-kaɗan yake fita, na sabuntawa kuwa lokaci ɗaya ake ganinsa a takarda, sai gaban shugaban ofis ya faɗi.

Ga wuta. A Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya ga 'yan Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan rage. Lifta mai cin yunit 20 a rana, a ce, ta tashi daga naira 40,800 a wata zuwa 135,000. Sabuwar na'urar sarrafawa tana ba injin lifta wuta daidai bukatar tafiya, saboda haka tana rage ci.

A ganina, sau da yawa ba a bukatar tumɓuke komai. Ramin lifta, ƙarafan da take bi da akwatin kanta kan daɗe ƙwarai. A sauya na'urar sarrafawa, injin ƙofa, wanda shi ne ya fi yawan kawo tsayawa, da igiyoyin ƙarfe in sun zaizaye. A kuma saka na'urar ceto mai batir, wadda ke kai akwatin hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa idan an ɗauke wuta. A garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ban ga dalilin barinta ba.

Lambar da ke manne a bangon lifta ma lissafi ce: mutum 8, kilo 630, wato an ƙiyasta kowa a kusan kilo 75 da ɗan rara. Idan mutum 12 suka cusa kansu, birki da igiya ke ɗaukar bambancin.

Matsalar lifta kan kai ga asarar rai: ranar 1 ga Agustan 2023 lifta ta faɗo a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, wata matashiyar likita ta rasu, abokan aikinta kuma suka ce an daɗe ana kuka da liftar. Sannan dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su zama masu shiguwa ga kowa. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024, kuma mai keken guragu da ya taso daga Tudun Wada har yanzu a ƙasan bene yake jira a sauko masa da fayil.