Tseren Mota Ba Sai Namiji Ba

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zancen mota za mu yi. Kada wata ta ce ina ruwan matar Gezawa da tseren mota. Da ruwanta kuwa, tun da hanyar Kano zuwa Gumel ta ratsa garinmu. Kun kuma san yadda samari ke juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, ƙura ta turnuƙe, 'ya'yanmu na tsaye a gefe suna shewa. Wannan ganganci ne. Tsere na gaskiya yana da ƙa'ida, ga kuma yadda ake fara shi.

Matakin farko Turawa na ce masa otokuros, watau gwajin hannu. A sami fili killatacce, a jera robobi masu tsini kamar mazurari a kife, su fitar da hanya mai lanƙwasa. Mota ɗaya ɗaya ke shiga, ba mai binki, ba wanda kike bi, agogo kaɗai ne abokin hamayyarki. Zagaye guda ba ya wuce kamar minti ɗaya. A Amurka, in kin ture roba guda sai a ƙara miki daƙiƙa 2, don haka mai gaggawa ita ke shan kaye. Motar gida ta isa, muddin burki da tayoyi lafiya suke. Sai hular kwano, da ɗaura bel, a kuma kwashe tarkacen cikin mota, har kular abinci, kada wani abu ya gangaro ƙarƙashin burki.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin a tayar da inji kowa sai ya taka hanyar da ƙafa, ya haddace kwanoninta. Sa'an nan in kin hau, idonki na kan kwana ta gaba, ba kan hancin mota ba. Ki taka burki tun sitiyari na miƙe, kafin ki karya. Ina ƙarfin damtse a nan? Wadda ta iya zaren ɗinki a keke ba ta karkace ba, ta san natsuwar da ake nema.

In hannu ya faɗa, sai mataki na biyu: ranar da ake buɗe filin tsere ga kowa. Ki biya kuɗi, malami ya zauna kusa da ke, ba gasa, ba kyauta.

Mata sun yi nisa a wannan fage. Pat Moss ta Ingila ta ci babban tseren Liyej zuwa Rum da komowa a 1960. Michèle Mouton ta Faransa ta ci na Sanremo a 1981, ta zo ta biyu a duniya a 1982. Tseren Dakar, wanda a shekarunsa na farko ya riƙa ratsa Agadas, Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta lashe shi a 2001. A nan gida ma akwai tseren motoci na bikin kamun kifin Argungu. Na 2020 daga Abuja ya tashi.

Wahalarmu a Gezawa ita ce fili, don ko'ina gona ce, kuma ba mai yarda a murƙushe masa kunya ko bayan kaka. Sai dai filin ƙwallo da rani, da izinin dagaci da hukuma, a ja igiya a tsare yara nesa. Amma kafin wannan duka, 'yar'uwa, ki shawo kan maigida ko Baba, ki shiga makarantar koyon tuƙi, ki karɓi lasin.