Shirin Musamman: Tampol, Iska da Ɗan Kilif

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na yau zai tsaya ne kan wani abu da kusan babu gidan da ba a taɓa zuwa aronsa ba, wato tampol. Mai hatsi a kasuwar Dawanau yana da shi. Direban da ke ɗauko albasa daga Aliero ko Galmi yana da shi. Magini da aka sauke wa siminti da yamma, mai shayin bakin tasha, masu kafa rumfar biki, duk da shi suke fakewa. Za mu duba yadda ake ɗaure shi, da kuma wani ɗan kilif na roba da ake damƙe bakinsa da shi ba tare da an huda ba. Ku gyara zama.

(Kiɗa ya yi ƙasa)

Bari mu fara da abin da ke kashe tampol. Da yawa za su ce ruwa ne. A'a, ruwa ai shi aka yi tampol dominsa. Iska ce ke cinye shi, rana kuma tana taya ta.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa. Gabas ta yi baƙi, ƙura ta taso ja wur, sai guguwa ta riga ruwan isowa. A wannan ɗan tsakanin ne kasuwa ke hargitsewa. Wannan yana cewa a riƙe can, wancan yana kiran a kawo dutse, yaran shago suna hawa kan tulin buhuna suna danne tampol da jikinsu. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To, mai tampol ma ba ta bar shi ba.

Ga lissafin abin. Ƙarfin da iska ke buga abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, bugun ninkawa yake sau huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 70 a awa, in ta daki tampol gaba da gaba, tana ɗora masa nauyin da ya wuce kilo 20 a kan kowace murabba'in mita. Ɗauki tampol mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6. Murabba'in mita 24 ke nan, kuma nauyin ya kai wajen rabin tan, kamar buhu biyar na masara. Yanzu in ka ɗaure shi a kusurwa huɗu kawai, yadda yawancinmu muke yi, kowace kusurwa za ta ɗauki sama da kilo 100. A kan me? A kan ɗan zoben ƙarfen nan da ke bakin tampol, wanda bai fi kan yatsa ba. Dole ya fizge. Amma kewayen wannan tampol ɗin mita 20 ne. In ka sa maɗauri a kowace mita, nauyin ya rabu gida ashirin, kowane wuri ya ɗauki wajen kilo 25. Iskar ba ta ragu ba, tampol ɗin bai sauya ba, rabon kaya ne kawai ya sauya.

Masu aikin agaji sun daɗe da gane wannan. A shekarar 2007 ƙungiyar Oxfam da Tarayyar Ƙungiyoyin Red Cross ta Duniya sun fitar da wani ɗan littafin jagora kan amfani da tampol ɗin roba a wuraren da bala'i ya afka. Jigon shawararsu shi ne a raba nauyi, a ja tampol ya miƙe kada ya riƙa kaɗawa, a kuma kare shi daga gogayya da tsini da ƙarfen da rana ke gasawa. Tampol ɗin da suke rabawa mai mita 4 da 6 ne, an saƙa shi da zaren roba an shafe shi ciki da waje, sannan an yi masa ɗamara mai kauri a jere domin a nan ake so a ɗaure ko a buga ƙusa. Wanda ya taɓa shiga sansanonin 'yan gudun hijira a Borno ko Diffa ya ga irinsa, fari, a kan bukkoki.

(Sautin iska da kaɗawar tampol)

Wannan ƙarar da kuka ji, fat-fat-fat, ita ce ajalin tampol. Kowace kaɗawa fizga ce a bakin zobe, kuma a dare guda sai a yi dubbai.

To ina kilif ya shigo? Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara bakin kada ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai fi yatsa ba ko ya ɗara kaɗan. Yana da muƙamuƙi biyu masu haƙora, sannan a wutsiyarsa akwai rami inda igiya ke shiga. Kana tura bakin tampol a tsakanin haƙoran, ka matse. Wani iri ana murɗa masa sukuru da yatsu har ya damƙe. Wani kuma ana zuge masa wani ɗan zobe ne ya kulle bakin. Akwai na uku mai guda biyu, ɗaya yana shigewa cikin ɗaya, wanda duk lokacin da igiya ta ja sai ya ƙara cizo.

Amfaninsa na farko shi ne ba ya huda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk wanda ya taɓa soka wuƙa a bakin tampol ya zura igiya ya san daga nan yagewa ke farawa. Na biyu, kai ke zaɓar inda za ka sa shi. Kamfani ya jera zobba inda ya ga dama, amma turkenka ko ƙugiyar motarka ba lallai su dace da wurin ba. Kuma in zobe ya fizge, ba sai ka jefar da tampol ba. Ka naɗe wurin da ya yage, ka damƙa kilif a gefensa, aiki ya ci gaba.

Inda na fi ganin ranarsa shi ne kan rufin da dama ba shi da zobe ko ɗaya. Mutanenmu ba sa jira sai sun sayi na kanti. Ana farke buhunan taki ko na shinkafa a ɗinke su a yi shimfiɗar shanya. Ana sayen tsofaffin kyallayen tallan nan na roba da ake saukewa daga manyan alluna, musamman bayan zaɓe, a rufe kaya da su. Ka ga fuskar ɗan takara tana tare wa buhunan gero ruwa, wanda in an bi ta gaskiya wani ma aikin da ya yi wa talaka ke nan. Irin waɗannan duka ba su da wurin zura igiya, kuma kilif yana ba su.

Sai dai akwai yadda ake sa shi. In tampol ɗin siriri ne, irin shuɗin nan mai araha, haƙoran ba za su sami abin kamawa ba, zamewa zai yi. Ka ninka bakin sau biyu ko uku kafin ka damƙa. In da hali ka sa siririyar igiya a cikin ninkin, ta zama kamar lafin riga, yadda kilif zai ciji bayanta. Igiya kuma ta ja shi a miƙe, daidai da yadda yake kallo. In ta ja shi a karkace, ko dai ya suɓuce ko wutsiyar ta karye. Ɓangaren da iska ke fitowa, wato gabas lokacin hadarin damina, arewa maso gabas da hunturu, nan za ka fi matso da su kusa da juna, nan kuma za ka sauke bakin tampol ƙasa sosai don kada iska ta sami ƙofar shiga ƙarƙashi. Da zarar ta shiga, ɗaga shi sama za ta yi.

Akwai wata dabara da 'yan acaba da masu kura suka riga kowa sani, wato robar tayar da aka yayyanka. Ka ɗaura guntunta tsakanin kilif da turke. In guguwa ta fizga, robar ta miƙe ta shanye fizgar, sannan ta dawo da tampol ɗin a miƙe. Igiya zalla ba ta da wannan sassauci. Amma a kula, roba mai ƙugiyar ƙarfe in ta kuɓuce tana tsiyaye ido. Kada ka sa fuskarka a saitinta lokacin da kake ja, kada kuma ka bar yara su tsaya a wurin.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ɗaurin tampol da kilif.

Ruwa ma yana da nasa lissafin. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In aka yi ruwan milimita 10, wanda a watan Agusta ba a ma kiransa ruwan kirki, abin da zai sauka a kan tampol ɗinmu mai murabba'in mita 24 lita 240 ne. Ya fi durom guda. In ka shimfiɗa shi a kwance babu gangara, tsakiyarsa za ta yi tumbi, ruwan ya taru, nauyin ya koma kan bakin. Babu kilif ɗin da aka yi don wannan. Ka ɗaga tsakiya da gwafa ko ka ja igiya daga wannan dirka zuwa waccan ka yafa tampol a kai, ruwa ya sami hanya. Kan gwafar kuma a naɗe shi da tsumma ko a kifa masa tsohuwar robar ruwa, don kada ya huda. Ruwan da ya kwana biyu a tumbin tampol gidan sauro ne, wannan kuma wani zance ne daban.

Mai hatsi yana da wata damuwa da ta wuce ta kowa. In ka lulluɓe buhuna ruf, har ƙasa, babu inda iska ke ratsawa, rana ta gasa da rana, dare ya yi sanyi, sai gumi ya taru a cikin tampol ya ɗiga kan buhun sama. Masara da gyaɗa in suka sha laima suna yin fumfuna, kuma wani irin fumfunan yana haifar da gubar da masana ke kira afalatoksin, mai lahanta hanta, wadda ke sa a ƙi sayen kaya a kasuwannin waje. Masara sai laimarta ta sauko wajen kashi 13 cikin ɗari kafin ta ajiyu lafiya. A nan kilif yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Da shi za ka iya janye bakin tampol nesa da buhuna, ka ɗaure a turke, ya zama ruwa na zuba can gefe, iska kuma na wucewa ta ƙasa. Dutsen da aka saba dannewa da shi manne tampol yake yi da buhu. Kuma buhun ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa. Albasa ma ba ta son a toshe ta ko kaɗan, ruɓewa take. Siminti kuwa laima kawai yake jira ya daskare.

Yanzu ga inda ba zan ba kowa shawarar ya dogara da kilif ba: babbar mota a kan titi. Tirelar da ta tashi daga Kano za ta Legas tana cikin guguwa ne tun daga tasha har ta isa, domin gudunta kansa iska ne. Tampol ɗinta mai nauyi ne, kuma igiyar da ake ratsawa ta samansa a ɗaure a jikin bodi ita ce ke riƙe kaya. Yaran mota sun san aikinsu. Kilif zai iya kama leɓen da ke kaɗawa a baya, ko ya maye gurbin zobe ɗaya da ya fita, amma iyakarsa ke nan. Tampol ɗin da ya tashi daga kan mota ya rufe gilashin wanda ke biye, rai ake magana.

Rana kuma ba ta raga wa roba. Kilif mai araha in ya sha zafin bazara sai ya yi fari-fari, ya bushe, ka matsa shi ya fashe a hannunka. In za ka saya, ka lanƙwasa shi kaɗan ka ji ko yana da danƙo, ka duba kaurin wutsiyar inda igiya ke shiga, domin nan ne yake fara karyewa. Ka gwada shi a kan irin tampol ɗinka, ba a kan wanda mai shago ya miƙo maka ba.

Wanda kuma ba shi da kuɗin kilif, ko babu shi a kasuwar garinsu, kada ya ce an bar shi a baya. Ka sami dutse mai santsi kamar girman ƙwan kaza, ka tura shi ta ƙarƙashin tampol, ka tattaro tampol ɗin ya ƙunshe shi, ka zarge wuyan da igiya. Ba ka huda ba, nauyi ya rabu, kuma iya ja iya matsewa. Masu aikin agaji ma suna koyar da wannan. In kuma a jikin katako za ka kafe, kada ka buga ƙusa tsirara. Ka sa marfin kwalba ko guntun taya a ƙarƙashin kanta, ko ka naɗe bakin tampol a jikin siririn katako sannan ka buga. Abin da kilif ya fi dutse da shi sauri ne da tsafta: ba ya tattare tampol, kuma mai rumfar da ke kafawa da safe ya kwance da magariba zai ji daɗinsa. Wajen riƙo kuwa, dutsen da aka ɗaure da kyau ba ya jin kunya.

Saboda haka, Alhaji mai hatsi, Hajiya mai abinci, malam magini, kada a jira sai gabas ta haɗe. Gobe da safe a warware tampol a rana, a ƙirga zobban da suka fita, a nemi kilif ko dutse a cike gurbinsu, a ƙara maɗauri ta ɓangaren gabas, a tanadi robar taya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiya. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)