Saɓanin Likitocin Ido a Kan Hoto Guda

Daga cikin gaɓoɓin ɗan Adam duka, babu inda Allah Maɗaukaki Ya bar jijiyoyin jini a sarari, ta yadda likita zai ƙare musu kallo ba tare da ya tsaga fata ba, kamar tantanin nan da ke shimfiɗe can ƙuryar ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira ratina. Tun da wani masani Bajamushe mai suna Helmholtz ya bayyana madubin leƙa cikin ido a 1851, wannan tantani ya zama wurin da ake gane ɓarnar ciwon sukari da hawan jini da toshewar jijiya, sau da yawa tun mai ciwon bai ji ganinsa ya ragu ba. A zamaninmu an wuce leƙe an koma ɗaukar hoto: akwai mai launi, akwai wanda ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar wani rini a hannu domin a ga inda jijiya ke yoyo, akwai kuma na wata na'ura da aka bayyana a 1991, mai nuna kaurin tantanin hawa-hawa. Mai karatu zai zaci tunda hoto ba ya sauyawa, hukuncin da za a yanke a kansa ɗaya ne ko a hannun wa ya faɗa. Al'amarin kuwa ba haka yake ba, kuma likitocin ne da kansu suka fara bincika wannan suka bayyana shi, wanda a ganina abin yabo ne ƙwarai.

Mu ɗauki hoton idon mai ciwon sukari. Abin da ke gaban likita fili ne mai ruwan lemo, jijiyoyi sun fito daga wata farar da'ira sun yi rassa ko'ina. Alamar farko ta cutar wani ɗan kumburi ne a jikin siririyar jijiya, wanda a hoto bai wuce ɗigon jan tawada ba. To amma ɗan jinin da ya tsiyaya cikin tantanin shi ma kusan haka yake fitowa, haka nan ƙurar da ta maƙale a gilashin na'urar. Idan likita ya ce kumburi ne kaɗai, cutar tana matakin farko, sai a ce wa mutum ya je ya dawo baɗi. Idan kuwa ya ce jini ne, ta hau mataki na gaba, wanda a tsarin ƙasashe da yawa daga nan ake tura mutum ga ƙwararre. Ga ɗigo guda, wanda da ƙyar ido ke tsinkayarsa, amma a kansa ne mas'alar ta rataya.

Masana wannan fanni sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka yi ta ƙoƙarin kafa ƙa'ida. A 1968 suka taru a wani gida da ake kira Airlie House a jihar Birjiniya ta Amurka, suka tsara yadda za a rarraba matakan cutar, daga baya kuma aka ware waɗansu hotuna na misali da za a riƙa yin ƙiyasi da su, aka ɗora wa wata cibiya a Jami'ar Wisconsin aikin karanta hotunan manyan bincike bisa wannan mizani. Da aka ga tsarin ya yi wa likitan asibiti nauyi, sai a 2003 aka taƙaita shi zuwa matakai biyar. A nan ne aka ce cuta ta tsananta idan an ƙirga ɗigon jini fiye da 20 a kowane rubu'i na tantanin, ko an ga jijiya ta yi ƙulli-ƙulli a rubu'i biyu, ko an ga fitattun gurɓatattun ƙananan jijiyoyi ko da a rubu'i ɗaya. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ƙirga ɗigo a hoton da yanar ido ta dusashe, da tantance abin da ya isa a kira shi fitacce, duk sun koma ga ijtihadin mai dubawa.

Auna ittifaƙin likitoci ma yana da nasa ilmi, domin idan galibin idanun da aka kawo lafiyayyu ne, mutum biyu da ba su san komai ba za su iya dacewa a mafi yawansu ta hanyar cewa kowanne lafiya. Saboda haka masu bincike suke amfani da wani lissafi da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda yake cire abin da dace kawai zai iya kawowa, ya bar haƙiƙanin muwafaƙa.

Inda lamarin ya fi taɓa zuciyata shi ne idon bakwaini. Jaririn da aka haifa kafin lokacinsa jijiyoyin tantanin idonsa ba su gama tsiro ba, kuma suna iya tsirowa a karkace har su janye tantanin daga mazauninsa, yaro ya makance tun bai san fuskar uwarsa ba. Babbar alamar da ke sa a gaggauta magani ita ce a ga jijiyoyin tsakiya sun kumbura sun yi lauje-lauje fiye da ƙima. A 2007 Michael Chiang da abokan aikinsa suka nuna wa ƙwararru 22 hotuna 34, suka tambayi kowannensu ko alamar tana nan ko babu, sai aka tarar hotuna 7 ne kacal suka samu ijma'insu gaba ɗaya. Waɗannan fa ba ɗalibai ba ne, su ne waɗanda ake komawa gare su idan abu ya rikice. Da aka zurfafa bincike daga baya, sai aka gano abin da ya warware mini mushkilar: idan aka ce su jera hotunan daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, jerinsu yakan yi kusa da juna ƙwarai, saɓaninsu yana wajen da kowa ke ja iyaka ya ce daga nan magani ya wajaba. Wato gani ɗaya suke yi, haddin ne ya bambanta, kamar mutum biyu da suka yarda rana tana yin ƙasa amma suka saɓa a kan lokacin da za a ce yamma ta yi. Da aka sabunta ƙa'idojin duniya na wannan cuta a 2021, an yi iƙirari a fili cewa alamar hawa-hawa take, daga lafiya zuwa tsanani babu katanga.

Waɗansu suna ganin kwamfuta ce za ta raba gardama. Da kamfanin Google ya so ya koya wa na'ura gane cutar sukari a ido, a binciken da aka buga a 2016, ya tara hotuna sama da 128,000 daga Amurka da Indiya, ya ɗauko likitoci 54, amma bai yarda da hukuncin mutum ɗaya a kan kowane hoto ba, sai da aka duba shi sau uku zuwa bakwai aka bi ra'ayin jamhuru. A 2018 masu binciken suka ƙara nuna cewa bin rinjaye ma bai kai a zaunar da ƙwararru su tattauna hoton da suka saɓa a kansa har su yi tarjihi ba, kuma kuskuren da aka fi kamawa shi ne tsallake ɗan kumburin nan da muka ambata. Na'ura dai daga hukuncin mutane take koyo, in an ba ta mai rauni shi za ta haddace. Falalarta ita ce ba ta gajiya, abin da ta ce da safe shi za ta ce da la'asar, wanda ba kullum likita ke samun haka ba, domin an sha gwada mutum da hoton da ya taɓa dubawa ya ba da wata amsa dabam.

A Ingila, inda aka fara shirin duba idon masu ciwon sukari na ƙasa baki ɗaya a 2003, an gina tsarin ne bisa yarda da cewa saɓani zai auku: hoton da aka ga cuta a cikinsa mutum na biyu yakan sake duba shi, idan suka saɓa a kai wa na uku ya yi hukunci, kuma ana jarraba masu dubawar lokaci-lokaci. Wannan ne nake fata masu tsara harkar lafiya a ƙasashenmu su lura da shi, yanzu da ciwon sukari ke ƙaruwa a birni da ƙauye, ƙwararrun tantanin ido kuwa 'yan kaɗan ne, galibinsu a manyan birane. Sayen na'urar hoto abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da samar da wanda zai sake duba abin da na farko ya gani, alhali hoton da aka ɗauka a ƙaramin asibiti yana iya isa hannun ƙwararre a Kano ko Kaduna ta intanet cikin daƙiƙa. Shi kuma mai ciwon, idan likitoci biyu suka faɗa masa magana biyu, kada ya yanke ƙauna ya daina zuwa asibiti. Ya nemi a ba shi kwafin hotonsa ya adana, ya tafi da shi duk sa'ad da zai koma, domin likitan da ya ɗora hoton bana kusa da na bara ya fi samun hujjar sanin ko cutar tana tsaye ko tana tafiya.